Kada Ki Sulale wa Nuhu Ranar Asabar

Salaga,
Ranar Laraba, bayan azahar.

Zuwa ga 'yata Memuna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, ina yi miki sannu da wanki da guga da ɗaurin kaya da na ga kina ta fama da su tun shekaranjiya. Allah Ya sa wannan aikin asibiti da aka tura ki Bawku ya zama alheri gare ki da marasa lafiyar da za su faɗo hannunki. Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutum, Ya dawo mana da ke da ƙafarki.

Na san za ki yi dariya. Gida ɗaya muke, ƙofar ɗakinki tana kallon tawa, amma ga ni na nemo tabarau da biro ina rubuta miki takarda. Laifin bakina ne. Sau uku na kira ki tun jiya don mu yi maganar nan. Na farko na ɓige da tambayarki ko kin sayi kwaɗo na akwati. Na biyu na ce ki riƙa tafasa ruwan sha, ke da kike nas. Na uku na ce ki miƙo mini buta. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana ciniki a kasuwar doya, wanda ake jin muryarsa tun daga rumfa har tasha, shi ne ya kasa furta wa 'yarsa magana ɗaya. To, bari hannu ya yi abin da baki ya kasa. Ki karanta yau. Kada ki ajiye sai kin shiga mota, don a lokacin ba ta da sauran amfani.

Jiya da la'asar ina kishingiɗe a zaure, ke da Hajiya mahaifiyarki kuka ɗauka barci nake. Idona ne kawai a rufe. Na ji shirinku duka. Ranar Asabar da safe Hajiya za ta sa wa Nuhu sabuwar riga ta tafi da shi suna a Kpembe, kafin su dawo ke kin hau motar Tamale. In ya tambaya a ce Mma ta je kasuwa. In ya sake tambaya gobe a ce tana nan zuwa. A yi ta ja masa rai har ya gaji ya daina tambaya.

Barin Nuhu a wurinmu ban yi musu da shi ba. Mijinki Yakubu yana Kumasi, ke ba ki ga ɗakin da za a ba ki ba tukuna, garin kuma ba kullum hankalin mutanensa yake kwance ba. Yaro ɗan shekara biyar ya fi kyau ya zauna inda ya saba. Ni ma ribata ce, na sami abokin faɗa a kan ƙosai. Abin da nake roƙonki guda ne: kada ki sulale masa. Ki tsaya a gabansa ki gaya masa za ki tafi, ki gaya masa inda za ki, ki bar shi ya yi kukansa a idonki.

Za ki ce, Baba, ai haka ake yi a gidan nan. Gaskiya ne, kuma daga wurina kika gani. Mu jikokin fataken goro ne. A gidanmu matafiyi ba ya sallama da yara. Tsofaffinmu sun ɗauka in yaro ya bi ka da kuka har ƙofa, to ya ɓata maka hanya, jaki zai faɗi ko goro ya lalace. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, a zamaninsa ma ba jaki, lori ake hawa, amma bai taɓa ce mini "sai na dawo" ba. Ina tashi in ga tabarmarsa a naɗe, shi ke nan. Na girma na ɗauka wannan shi ne tarbiyya, har na yi miki abin da ya fi haka.

Kina shekara biyar, daidai Nuhu yanzu, yayata Lariba ta aiko daga Yendi tana neman riƙonki. Allah bai ba ta 'ya mace ba, kuma kin san a ƙasar nan gwaggo tana da haƙƙi a kan 'yar ɗan'uwanta. Ban ga abin musu ba. Hajiya ta yi kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba. Na ɗauke ki muka hau lori ta Bimbilla, na ce miki za mu je gaida Gwaggo mu dawo. Duk hanya kina kan cinyata kina ƙirga tumaki, kina ɓacewa a bakwai kina sake farawa.

Muka kwana biyu a Yendi. Ranar da zan koma, aka haɗa baki da ni da Yaya Lariba da matan gidan. Akwai 'yan tsakin zabi da aka ƙyanƙyashe a bayan gida. Na ce, "Memuna, je ki ki ga 'ya'yan zabi."

Kika ce, "Baba, zo mu je tare."

Na ce, "Je ki, ina nan zaune, ba inda za ni."

Kina riƙe da ƙuli-ƙuli irin mai zobe, kin ci rabi. Kika ɗora mini shi a tafin hannu kika ce, "To riƙe mini, kada ka cinye." Kika ruga.

Ko takalmi ban tsaya sawa daidai ba. Na fice, na tarar da lori tana shirin tashi, na haye. Direban wani Badagombe ne da ya san mu, ya waiwayo ya ce da gurguwar Hausarsa, "Maidoya, ina yarinyanka? Ya zauna?" Na ce ta zauna. Ya ce, "Bai yi kuka ba?" Na ce ko kaɗan. Har ina jin daɗi, wai na yi dabara. Sai da muka isa Bimbilla zan karɓi ruwa na buɗe hannuna, na ga rabin ƙuli-ƙulin nan, gumi ya jiƙa shi. Amma kin san me na yi? Na ce wa kaina yaro mantuwa gare shi, kafin jibi ta manta.

Ba ki manta ba. Yaya Lariba ba ta gaya mini gaskiya ba sai bayan shekaru, ita ma kunya take ji, tunda da ita aka yi. Ta ce kin dawo da gudu za ki ba ni labarin zabi, kika tarar da buzun da nake zaune a kai ba kowa. Kin duba ɗakuna, kin duba masallacin ƙofar gida. Kwana uku kina tsaye a bakin zaure, duk ƙarar motar da kika ji sai ki leƙa. Daga ranar kuma kika ƙi zuwa bayan gida ko da rakiya. Har fitsari kika riƙa yi a tsaye, ana dukanki a kai, ba wanda ya gane dalili. Sai wata rana tana yi miki kitso kika ce mata, "Gwaggo, na daɗe ne a wurin zabi, shi ya sa Baba ya gaji ya tafi. In ya dawo ki ce masa ba zan ƙara daɗewa ba."

Ga abin da nake so ki riƙe: in ba ki gaya wa yaro dalilin abu ba, zai ƙirƙiro nasa dalilin, kuma kusan kullum kansa zai ɗora wa laifi. Nuhu zai ce don ya fasa miki kofi ranar Lahadi ne, ko don ya ƙi wanka. Ba zai faɗa wa kowa ba, zai yi ta ɗauke da abin a cikinsa. Sa'an nan ki tambayi kanki tsakani da Allah, wa kike karewa? Ni shekara da shekaru ina cewa don kada ki sha wahala na gudu. Ƙarya nake yi wa kaina. Ni ne ba zan iya kallon kukanki ba. Na tsere wa minti goma na kuka, na bar miki shi ki yi ke kaɗai a cikin baƙi.

Kuskurena na biyu ya fi na farko wauta, don wannan da buɗaɗɗen ido na yi shi. Zuwana na farko bayan wata huɗu, kika maƙale mini ko masallaci sai da ke. In na zauna cin abinci sai ki je ki zauna a kan takalmana a bakin ƙofa. Mutanen gidan suna ta dariya, suna cewa yarinyar nan da wayo take. Ni ma na yi dariya. Kuma na sake sulalewa, wannan karon da silifas ɗin mijin Gwaggo na fita, aka aiko mini da nawa daga baya. Zuwa na uku ba ki zauna a kan takalmi ba. Zuwa na biyar ina shiga kika ɗago kai daga turmi, kika ce wa Yaya Lariba da Dagbanci, "Mma, baƙonki na Salaga ya zo." Kika durƙusa kika gaishe ni da ladabi, kika koma dakanki.

Kowa ya yaba. Aka ce Memuna ta yi hankali, ba ta da rigima, ko uban zai tafi ko a jikinta. Ni kuma na dawo Salaga ina baza labari a rumfa, wai 'yata jaruma ce, ba ta san kuka ba. In kin faɗi kin kurje gwiwa ba ki yi kuka ba, sai in ce yawwa, haka nake so. Ashe ba jarumta ba ce. Kin gane ne cewa kuka ba ya tsayar da ni, kika daina ɓata hawayenki. Yaya Lariba ce ta fara farkawa, Allah Ya haskaka kabarinta. Ta ja ni gefe ta wanke ni tas. Ta ce, "Kai Sule, kana murna yarinya ta daina nemanka? Wallahi mun yi ɓarna, ni da kai. Yau ba ka fita gidan nan sai ka yi mata sallama." Na tsaya a gabanki tsuru-tsuru na ce zan koma Salaga, sai bayan Sallah. Kika ce, "To." Wannan "to" ɗin har yau ina jin sa.

Saboda haka in Nuhu ya yi birgima a ƙasa ranar Asabar, ki gode wa Allah. Yaron da yake kuka a gabanki bai fid da rai da ke ba. Kada ki ce masa namiji ba ya kuka, kada kuma ki bar mu mu ce masa. Ki ce, "Na san ba ka so in tafi, ni ma ba na son rabuwa da kai." Ki ba abin da yake ji suna, ko fushi ne ko tsoro, don ya san abu ne da mutane suka sani, ba wani ciwo ne da ya same shi shi kaɗai ba. In kin kira a waya ya ƙi karɓa, ko ya ce ba ya sonki, kada ki yi zuciya, kada ki ce a lallashe shi dole. Ki ce a gaya masa za ki sake kira gobe bayan la'asar, kuma ki kira. Ranar da za ki damu ita ce ranar da muka ce miki Nuhu ko tambayarki ba ya yi.

Da kika dawo gida kina shekara goma sha biyu, sai na faɗa wani ramin. Cikina cike da laifi, na rasa yadda zan biya, sai na zama ɗan sandanki. Kin tuna ranar da kuka yi cacar baki da 'yar maƙwabta a layin famfo, ta kwaikwayi Hausarki ta ce kin koma Badagomba? Kin shigo idonki jawur, ba ki ma kawo ƙara ba, ni ne na tono maganar. Na zari hula na je gidansu na ɗaga murya har liman ya fito. Na dawo ina huci ina jin na yi aikin uba. Sakamakon, wata biyu ba yarinyar da ta yarda ta yi wasa da ke a unguwar, iyayensu sun ce a kiyayi 'yar Sule. Ke da kanki kika ce mini, "Baba, da ka bari, da gobe mun shirya."

Mahaifiyarki ta fi ni sanin kan abin, ko da yake ba zan faɗa a gabanta ba, kanta zai kumbura. Shekarar da ba ki sami shiga makarantar nas ba, ni na rikice, ina ta cewa ba komai, ba komai, zan buɗe miki rumfa, zan je Tamale in ga wane da wane. Ita kuwa ta shiga ɗakinki ta zauna kusa da ke tana ɓarar gyaɗa. Ba ta ce ki yi haƙuri ba, ba ta ce ba komai ba. Kwana biyu kina kuka tana kawo miki koko. A rana ta uku na ji ta ce, "To, Memuna, an faɗi. Yanzu me kike so ki yi?" Kika ce za ki sake. Kika sake, ga shi yau ana tura ki Bawku da farin kaya.

Ina gaya miki wannan ne don nisa zai sa ki ji laifi, laifi kuma zai sa ki so share wa Nuhu kowace tsakuwa daga can ta waya. In ya ce wani yaro ya ƙwace masa ƙwallo, kada ki kira malaminsu. Ki saurara har ya gama, ki ce, "Kai, abin da haushi. To me za ka yi gobe?" Ki ji dabararsa tukuna. Ƙananan wahalhalu daidai ƙarfinsa, ki bar masa su, ke dai ki kasance a kusa. Manya kuwa, waɗanda suka fi ƙarfin yaro, namu ne, ba za mu bar masa ba. Kuma in kin ji labarin na sake zarar hula zan je gidan wani saboda jikana, ki kira ki yi mini faɗa, na ba ki izini a rubuce.

Akwai kuma fushina, wanda kin fi kowa saninsa. Wata shekara lorinmu ta lalace a Makango muna jiran ƙetarewa Yeji, kwana huɗu doya tana cikin rana. Da muka sauke a Kumasi rabi ta ruɓe. Na dawo gida da wannan baƙin ciki. Kika taro ni da kofin ruwa, kika yi tuntuɓe, ruwan ya zube a rigata. Na daka miki tsawar da har akuyoyi suka watse, na kira ki sakarya. Kika tsaya kina ba ni haƙuri a kan ruwa kofi ɗaya. Hajiya ta bari sai da na ci tuwo, ta ce, "Maigida, yarinyar nan ce ta lalata lorin?" Na ce a'a. Ta ce, "To don me ita ke biya?" Maganar ta shige ni. Daga baya na koyi in na dawo da ɓacin rai in fara tsayawa masallaci in yi alwala, in zauna har numfashina ya daidaita. Ban iya kullum ba, ke shaida ce.

Aikinki ya fi doya nauyi. Za ki ga jini, za ki ga wanda kika yi ta fama da shi ya cika a hannunki. Da wannan muryar za ki ɗauki waya ki kira ɗanki, shi kuma yana ta surutun ƙadangaren da ya gani. Yaro yana jin murya fiye da yadda yake jin magana. Kada ki yi masa ƙaryar fara'a, zai gane. Kada kuma ki juye masa. Ki ce, "Yau Mma ta gaji, raina ba daɗi, amma ba kai ba ne." Kalmomin nan huɗu na ƙarshe, da na san su da wuri, da na rage miki kaya mai yawa. Kuma ke ma ki nemi inda za ki sauke naki. Ki nemi wata babbar mace a Zangon Bawku ki riƙe ta uwa, ki riƙa kiran Yakubu, ki kira mahaifiyarki. Na san halinki, in an tambaye ki ya aiki sai ki ce lafiya lau ko da wuta ce ke cin ki. Ni na koya miki, ni kuma nake roƙonki ki rage.

Game da alkawari, kada ki ce masa "yanzun nan zan dawo". Yaro bai san wata ba, amma ya san Juma'a, don ranar nake kai shi masallaci ya sha fura. Ki ce masa bayan Juma'a shida, ko nawa ne dai gaskiyar. Ni zan samo masa tsakuwa daidai adadin mu zuba a gwangwani, duk Juma'a ya cire ɗaya da hannunsa. In hanya ta ƙi, ko ba a ba ki hutu ba, ki gaya masa da bakinki tun kafin ranar, mu mayar da tsakuwa ɗaya, ya yi fushinsa ya huce. Zai koyi cewa abu yana iya yin zafi kuma ya wuce, mutum yana iya tafiya kuma ya dawo. Ban san wani ƙarfin zuciya da ya wuce wannan ba.

Na nuna wa Hajiya cewa na ji shirinku. Ta ce, "Lallai, tsufa ya mai da kai malamin tarbiyya. Kai da ka gudu da silifas ɗin mutane?" Na ce shi ya sa na san hanyar ba ta ɓullewa. Sai ta ce ita dai ba za ta iya kallon kukan yaron ba. Na ce ba sai ta kalla ba, ni zan riƙe shi. Ta ce ta bar maganar a hannunki, ke ce uwa. Ni ma haka na ce. Ba umarni nake ba ki ba.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi yi mini wuya. Duk shekarun nan in na ɓata miki, sai in je Kumasi in dawo da gyale, ko takalmi, ko agogo. Ke kuma ki karɓa ki ce an gode, mu yi kamar an gama. Akwatinki na aure rabinsa ban-haƙurin da na kasa furtawa ne. Yau ba ni da tsaraba. Memuna, na yaudare ki a Yendi kina ƙarama, kin ba ni amana na tafi na bar ki. Na yaba shirunki don ya fi mini sauƙi. Na sauke miki fushin da ba naki ba. Ki yafe mini don Allah. Kuma in wata rana kika yi wa Nuhu ba daidai ba, don za ki yi, ba uwar da ba ta yi, kada ki jira shekara ashirin da biyar kamar ubanki. Ki durƙusa daidai tsayinsa a ranar ki ce, "Na yi kuskure." Girmanki ba zai ragu ba.

Kada ki ɗauka takardar nan ta baƙin ciki ce. Wallahi godiya ta fi yawa a cikina. Na gode wa Allah da Ya ba ni rai har na gane, da yawa sun tafi ba su gane ba. Na gode wa Yaya Lariba da ta riƙe ki da zuciya ɗaya, ta gyara abin da muka ɓata iyakar iyawarta. Na gode wa mahaifiyarki da ta yi ta ɗinke abin da nake yagawa ba tare da ta tona mini asiri a gabanku ba. Ke kuma ban san yadda zan gode miki ba. Lokacin da ciwon ƙafa ya kwantar da ni bara, ke kika riƙa wanke mini gyambon safe da yamma, kina yi mini faɗa a kan gishiri, ba ki taɓa tuna mini komai ba. Ban cancanci 'ya irinki ba, Allah ne Ya yi mini kyauta.

Allah Ya yi miki albarka, Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi. Allah Ya tsare ki daga nan har Tamale, daga Tamale har Bolga, Ya wuce da ke Zebilla lafiya, Ya sauke ki Bawku cikin aminci. Allah Ya zaunar da garin lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya kare ki a ɗakinki da wurin aikinki. Allah Ya raya Nuhu, Ya ba shi zuciya mai ƙarfi kuma mai taushi. Amin.

Yanzu sai in faɗa miki abin da na yi, in kin ga dama ki yi fushi da ni. Da safiyar yau muna shan koko, Nuhu ya ce, "Kaka, me ya sa Mma ta sa duk kayanta a babban akwati, ba ta sa nawa ba?" Ya riga ya gani, Memuna. Na buɗe baki zan ce wanki za a kai, tsohuwar ƙaryar tana nan a kan harshena. Sai na haɗiye ta. Na ce, "Mma ce za ta gaya maka, kuma gaskiya za ta gaya maka." Ya ce, "Ka tabbata?" Na ce na tabbata.

Shi zan ba wa takardar nan ya kawo miki. Na ce masa ya jira ki gama karantawa, amsarsa tana wurinki. Na san ba zai jira ba, zai bi akuyoyi. In kin gama, ki share fuskarki ko kada ki share, ki leƙa ki kira shi.

Wassalam.

Mahaifinki mai yi miki addu'a kullum,
Sule